Neman shawara: lissafin Ea ya ƙi fita, ga ɗalibai na jira

Malamin Ƙauye: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata sakandare a ƙauye, gefen Ringim. Lissafi aka ɗauke ni, da mai kemistiri ya bar aiki aka ce in riƙe na wata guda, yau shekara uku kenan. Ɗakin gwajinmu ya zama sito, sinadaran ma da kuɗina na sayo a Kano, na riƙo su a cinya cikin mota har gida. Na so yara su auna Ea da hannunsu, wato kuzarin da sinadarai ke buƙata kafin haɗuwarsu ta kankama. Muka yi gwajin tayosalfet da asid: a zana kuros a takarda, a ɗora bika, wato kofin gilashi na gwaji, a ƙirga daƙiƙu har farar wuta ta gurɓata ruwan, kuros ya ɓace. A kan gawayi muka ɗumama ruwa. Digiri 30 ya ci daƙiƙa 60, digiri 40 daƙiƙa 32, digiri 50 daƙiƙa 17. Na zana giraf, Ea ta fito 0.34 kJ/mol. Wata yarinya ta ce "Malam, anya?" Na ce ranar Litinin. Ku taimaka.

Baba Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Yaro, zubar da wannan aikin. Ɗigo uku ba giraf ba ne, biyar ne mafi ƙaranci. Kuma a hunturun nan kafin ka kai bika kan takarda ruwan ya huce. Ka kulle tagogi ka sake daga farko. Arrhenius ɗan Suwidin da ya kawo lissafin a 1889 ba da kurfoti ya yi ba.

Ɗan Gumel: Kai ka ma samu ma'aunin zafi. Namu ɗaya ne, shugaban makaranta ya kulle shi a durowa wai kada ya fashe. Shekara biyu a allo nake zana bika.

Malama Uwar Biyu: Malam, ba ka faɗi abin da ka sa a giraf ɗin ba. Ni ban ga laifin awonka ba. Duk ƙarin digiri 10 lokaci ya ragu kusan rabi, kuma a irin wannan zafin hakan na nufin Ea wajen 50 kJ/mol. Ina zargin 1/30 da 1/50 ka yi. Da ma'aunin Kelvin ake yi, wato ka ƙara 273 a kan digirin: 303, 313, 323. Ka zana ln(1/t) a kan 1/T (t lokaci ne, T kuma zafi a Kelvin), gangarar layin ita ce -Ea/R, R kuma tsayayyar lamba ce, 8.314. Baba, a yi haƙuri, kada ya kulle taga. Gwajin nan yana fitar da iskar SO2, tana shaƙe yara, balle mai asma.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, shekara 35 na yi a aji. Ko ya gyara lissafi, zafin ruwan tukunya ya auna ko na cikin bika? Ku tambaye shi.

Malamin Ƙauye: Malama, ai na san Kelvin, gaggawa ce kawai. Na sake da shi yanzu, 22 ta fito, har yanzu ba 50 ba. Baba, na tukunya na auna, ma'aunin aro ne daga asibitin garinmu, ban so in tsoma shi cikin asid.

Malama Uwar Biyu: Wane maɓalli ka danna a kalkuleta, log ko ln? In log ne ka ninka da 2.303, za ka ga 51.

Malamin Ƙauye: Log aka koya mana, kuma da shi na ci jarrabawa.

Baba Mai Ritaya: Kun ji ko? Na tukunya! To ko 51 ta fito, dace ne. A sake kawai.

Ɗan Gumel: Baba, da wane kuɗin? Mu ko alli sai mun yi karo-karo.

Malamin Ƙauye: Tayosalfet ɗin saura cokali ɗaya, kuma ba zan shiga Kano ba sai an yi albashi. Ranar Litinin 51 zan rubuta musu, ko in ce gwajin bai yi ba?

Baba Mai Ritaya: Na riga na faɗa.