Ta yaya ƙungiyar malaman kiɗa za ta reni waɗanda za su gaji shugabanninta?

Sakataren ƙungiya:

Assalamu alaikum, malamai. Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiya ta masu koyar da kiɗa da waƙa a makarantun jiharmu. Shugabanmu, wanda shi ne ya kafa ta, zai yi ritaya a ƙarshen wannan zango, kuma da aka nemi wanda zai gaje shi a taronmu na makon jiya, sai kowa ya sunkuyar da kai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, amsar kuwa guda ce: babu wanda ya taɓa rubuta wasiƙa zuwa ma'aikatar ilimi ko ya ga takardun banki, domin komai yana cikin jakar dattijon nan. Abin yana damuna ƙwarai. Wace hanya za mu bi don kada ƙungiyar ta mutu da tafiyarsa?

Tsohon ma'aji:

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Manyan ƙungiyoyin wannan fanni sun daɗe da magance matsalar ta hanyar kundin tsarin mulkinsu. Ƙungiyar NAfME ta malaman kiɗa a Amurka, wadda ta samo asali daga wani taro da aka yi a garin Keokuk na jihar Iowa a 1907, tana zaɓar shugaba mai jiran gado shekara biyu kafin ya karɓi ragama, ya yi shekara biyu yana shugabanci, sannan ya ƙara wasu biyun a majalisar gudanarwa a matsayin tsohon shugaba. Ƙungiyar ISME ta ilimin kiɗa ta duniya, wadda aka kafa a birnin Brussels a 1953 da goyon bayan UNESCO, ita ma haka take yi. Amfanin tsarin shi ne, a kowane lokaci akwai mutum uku a teburin shawara, mai koyo da mai riƙe da aiki da wanda ya gama, don haka ilimin tafiyar da ƙungiya ba ya taruwa a kan mutum ɗaya. Ku roƙi shugabanku ya zauna da ku shekara guda bayan ritayarsa.

Malama daga Zariya:

Na yarda da shawarar Malam Ma'aji, amma ina ganin rubuta tsari kaɗai ba ya samar da mutanen da za su cika kujerun. Mu da muke koyar da kiɗa mun fi kowa sanin yadda ake renon magaji, tunda a ƙungiyar makaɗan gargajiya ɗan amshi yakan shafe shekaru a bayan ubangidansa, yana ɗaukar kaya, yana lura da lokacin da ake shiga waƙa da lokacin da ake yin shiru, kafin a bar shi ya ja baki. Da nake riƙe da reshenmu, na ɗora wa wata matashiyar malama shirya taron bita na yini ɗaya. Ita ta nemo aji, ta aro kalangu da sarewa, ta lissafa kuɗin motar baƙon malami. Na zauna a bencin baya ban sa baki ba, ko da na ga hannunta yana rawa a kan takardar jawabi. Bayan sati guda muka zauna da rasit ɗin duka, ta nuna mini da kanta inda lissafinta ya kuskure. Yau ita ce ma'ajinmu. Ku ba malamai mata irin wannan dama da gangan, domin sau da yawa ba sa ɗaga hannu a taro sai an kira sunansu.

Malamin kwaleji:

Shekara shida ta yi yawa ga ƙungiyar da ake yi wa mambobinta canjin wurin aiki a kai a kai. Ku mayar da kowane mataki shekara ɗaya. Kafin dattijon ya tafi kuma, ku kai masa ziyara gida da littafi, ku rubuta sunayen ofisoshin da yake bi da watannin da ake miƙa kowace takarda.

Sakataren ƙungiya:

Na gode, Allah Ya saka muku da alheri. Na yi magana da shugaba da yammacin yau, ya amince mu je gidansa ranar Asabar, ni da matasan malamai biyu.