Wane suna za mu ba katakon da ke riƙe juna ba ƙusa ba gam?

1/ Jama'a, neman kalma muke yi. Akwai abin da Turawa ke kira puzzle, kuma wanda ya dame mu a nan shi ne na katako, wanda ake yankawa da hannu, sanduna su shiga juna su riƙe juna ba ƙusa ba gam. Mu 'yan tsirarun da ke yin sa a Birnin Kebbi "fazil" muke cewa. Kafintocin da muke sayen guntayen katako a wurinsu kuwa "abin wasan nan naku" suke ce masa. Na sa hotonsa, shawarwari sun zo da yawa, bari in tattaro su in faɗi inda na tsaya.

2/ Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba: mafi shahara sanduna 6 ne masu kusurwa huɗu. In faɗin sanda santimita 2 ne, tsawonta ya kai 6 ko ya fi. A tsakiyar kowace ana yanke gurbi mai zurfin rabin kaurinta. Biyu su tsaya, biyu su kwanta, biyu su gitta, duk su haɗu a tsakiya. In ka gama haɗawa ba ka ganin gurbi ko ɗaya, sai ka rantse gungume ɗaya aka sassaƙa. A irin na gargajiya akwai sanda ɗaya da ba a yanke ta ba sam. Ita ke shiga ƙarshe, ita ke fita farko.

3/ Mafi yawan masu amsa sun ce "wasa ƙwaƙwalwa". Ba na jayayya da wannan, kalma ce da ta zauna. Matsalarta faɗi. Tambayar lissafi wasa ƙwaƙwalwa ce, cike gurbin kalmomi a jarida ma haka, dara ma wani zai sa ta ciki. Je wa kafinta ka ce ya yanka maka wasa ƙwaƙwalwa ka ga kallon da zai yi maka. Mu bar ta ta zama sunan gidan gaba ɗaya, mu nemo wa wannan ɗan nasa sunan.

4/ "Kacici-kacici" kuwa da baki ake yi. Na wuce.

5/ Wata malamar makaranta daga Jega ta kawo shawarar da ta fi kowace daɗin ji: ƙarangiya. Hujjarta mai ƙarfi ce. Sunan wannan nau'in a Turanci shi ne burr, wato irin 'ya'yan ciyawa masu ƙaya da ke manne wa tufafi, kuma ana danganta yaɗuwar sunan da Edwin Wyatt, wanda ya yi amfani da shi a littafinsa na 1928. In ka dubi abin, kawunan sanduna 12 sun fito ta kowane ɓangare, sai ka ce ai kuwa. Malama, na yaba. Amma ga inda muka rabu: sunan ya bi kama, bai bi aiki ba. Ƙarangiya jikin wani take kamawa, wannan kuwa kansa yake kamawa. Kuma masu yin sa ba su tsaya a siffar nan kaɗai ba. A Hakone ta ƙasar Japan ana sassaƙa irinsa da siffar dabbobi, jiragen ruwa da gine-gine, suna kiran sana'ar kumiki. In an yi maka giwa ta katako mai kwancewa, za ka ce mata ƙarangiya?

6/ Mutanen Sin ta aiki suka bi. Su kwaɗo suke kiran sa, kwaɗon ƙofa: wasu kwaɗon Lu Ban, gwanin kafintansu na zamanin da, wasu kwaɗon Kongming, wani gwaninsu na dabarun yaƙi a zamanin da. Wani ya ce to mu ce "kwaɗon katako". A Hausa wannan rigima ce, yaro zai tsaya jiran ya ga abin ya yi tsalle.

7/ Sai wani dattijo daga Gwandu, ta wayar ɗansa, ya ce: "Ɗana, wanga abu ai gagara-kwanta na." Ya ce haka suke kiran igiyar dabaibayi mai ƙulli. Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ita ce shawarar da na fi daɗewa ina juyawa, domin ginin kalmar Hausa ne tsantsa, 'yar uwar gagara-badau da gagara-gasa.

Sai dai duk wanda ya riƙe abin ya san ba kwancewa ce ke gagara ba. A na gargajiya, da ka tura sandar nan da ba ta da gurbi, sauran sai su zube a tafin hannunka. Yaro ɗan shekara 5 zai yi. Mayarwa ce aikin. Sanduna 6 ne kawai, amma kowace tana da fuskar da za ta kalla da wurin da za ta zauna da lokacin da za ta shiga, kuma in ka sa ta uku kafin ta biyu ka toshe wa kanka hanya. Masu lissafi sun gano cewa daga siffofin sanda 25 da zarto ke iya yankawa, akwai hanyoyi 314 na haɗa wanda ba fili a cikinsa. In kuma aka yarda a bar fili a ciki, Ba'amurke Bill Cutler ya sa kwamfuta ta ƙirga, ya gama a 1990, ya samu haɗi sama da biliyan 35. A irin masu filin nan ne kwancewa take wuya da gaske, don akwai wanda sai ka yi motsi 12 kafin sanda ta farko ta fita. To sunan da zai yi daidai da wannan ya ƙaryata wancan bai isa ba.

8/ Inda na tsaya: sarƙau.

Daga sarƙe. Abu ya sarƙe in ya shiga juna har ba ka san ta inda za ka fara ba, kuma bai ce maka ba zai warware ba. Ginin ma ba baƙo ba ne, muna da mantau, muna da gagarau. Na gwada shi a baki: "Miƙo min sarƙau ɗin nan." "Malam, nawa za ka yanka min sarƙau na maɗaci?" "Ta haɗa sarƙau kafin a kira la'asar." Bai yi tuntuɓe ba. Wani ya fi son "sarƙaƙiya", amma sarƙaƙiya hargitsi ce, ba wanda ya tsara ta. Sarƙau kuwa da awo aka yi shi.

9/ Tunda an zo maganar awo, ga masu tambayar yadda ake yi. Kuskuren rabin milimita a gurbi ɗaya ya isa ya sa abin ya ƙi shiga, ko ya riƙa girgiza kamar haƙorin tsoho. Yi duka sandunan daga dogon katako ɗaya da aka fere daidai, sannan ka yanka. Maɗaci yana da daɗin aiki. Kirya ta fi ƙarko, amma za ta cinye maka bakin zarto. Katako fari na rufi ba ya riƙe kusurwa, bar shi don gwaji. Babban abin lura a ƙasarmu shi ne yanayi: wanda ka yanka matse a hunturu, in damina ta sauka katakon ya sha laima sai ya kumbura ya ƙi motsi. Wanda ka yi a watan Agusta kuma ya saki jiki a Janairu. Nemi busasshen katako, ka bar ɗan sarari kaɗan, kuma kada ka shafa fenti a cikin gurbi.

10/ Sassan ma suna buƙatar suna, kuma nan ba a yi gardama ba. Kowane yanki sanda. Yankan tsakiya gurbi. Wadda ke shiga ƙarshe ta kulle sauran, wani kafinta daga Argungu ya ce sakata, kowa ya yi na'am nan take.

11/ Saura guda da sarƙau bai rufe ba. Akwai wanda Piet Hein ɗan Denmark ya ƙirƙira a 1933, Soma: yanki 7 da ake jerawa su ba da dunƙule mai ƙananan murabba'ai 27, hanyoyin haɗa shi 240. Shi ba ya riƙe kansa, in ka ɗaga shi sai ya watse. Wani matashi daga Yauri ya ce a kira shi jerau. Ban ƙi ba, amma ina son in ji bakin mutanen Zuru da na Gusau tukuna.