Neman kalma: me za a kira ƙarfen galbanaiz a shirin ranar Alhamis?

Mai gabatar da shiri, Gusau: Assalamu alaikum malamai. Ina shirya wani ɓangare na shirin gyaran gida da za a sa a rediyo ranar Alhamis da dare, kuma dole in miƙa rubutun kafin azahar ɗin Laraba. Batun wannan makon shi ne sake yi wa shingen ƙarfe na baranda da na matakalar bene fenti, irin wanda fentinsa ke ɓamɓarewa yana zuba bayan damina ɗaya ko biyu, alhali ƙarfen da ke ƙasa bai yi tsatsa ba. Takardar da nake fassarawa ta Turanci ce, kuma kalmar da ta tsaya mini ita ce wadda masu walda ke furtawa galbanaiz. Akwai ta biyu, wato fentin da ake fara shafawa kafin mai launi, wanda masu fenti ke kira firaima. Ina neman abin da mai gida a Tsafe ko Maru zai ji ya gane ba tare da ya tambayi kowa ba.

Mai walda, Talata Mafara: Wa alaikumus salam Malam. Ka ce galbanaiz kawai ka wuce. Duk wanda ya je wurin mai sayar da ƙarfe, abu biyu za a tambaye shi, baƙin fayif yake so ko galbanaiz, kuma idan ka ba masu sauraro wani suna dabam, za su je kasuwa su faɗa a tsaya ana kallonsu.

Malamar kimiyya, Ƙauran Namoda: Shawarata ita ce "ƙarfe mai rufin tutiya", domin abin da ake yi masa ke nan. Tutiya ita ce ƙarfen da ake kira zinc da Turanci. Ana wanke ƙarfen da ruwan asid, sannan a tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 a ma'aunin Salshiyas, ya fito da rufi mai launin toka wanda ya kama jikinsa. Kalmar Turancin kanta ba ta bayyana komai, domin daga sunan Luigi Galvani aka samo ta, wani likita ɗan Italiya da ya rasu a 1798, kuma wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, shi ya yi rajistar wannan hanya ta tsomawa a 1837. Tun da kalmar tasu sunan mutum ce, babu ma'anar da za mu rasa idan muka kira abin da aikin da aka yi masa.

Ɗalibin fassara, Birnin Kebbi: Me zai hana a ce "farin ƙarfe", ko kuma "ƙarfen kwano", tun da kowa ya san kwanon rufi kuma shi ma da tutiya aka rufe shi? Na kuma ji wasu dattawa na cewa ƙarfe mai ruwan dalma.

Malamar kimiyya: Farin ƙarfe zai rikita da alminiyam da kuma ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya tsatsa wanda ake yin cokula da shi, kuma kowannensu fentin da ke kama shi dabam ne. Ƙarfen kwano ya fi kusa, sai dai yanzu akwai kwanon alminiyam da kwano mai launi a kasuwa.

Ma'aikacin lafiya, Anka: Ina roƙon Malam mai shiri da kada kalmar dalma ta shiga wannan suna ko da wasa. Dalma dabam, tutiya dabam, kuma a jihar nan ta Zamfara dalma ba kalma ce da ake ji a wuce ba. Tun 2010, lokacin da gubar dalma daga daka da niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, uwar da ta ji an ce shingen barandarta na da dalma za ta shiga firgici a banza. Inda ya dace a ambaci dalma a shirin shi ne tsohon fentin da za a kankare, domin wasu tsofaffin fentin mai suna ɗauke da ita. A ce wa mutane su jiƙa wurin kafin su goge don kada ƙura ta tashi, su shimfiɗa leda ko buhu a ƙasa su tattara ɓawon, su rufe hanci da baki, kuma kada yara da masu juna biyu su zauna kusa.

Malamin Hausa mai ritaya, Argungu: Na karanta duka, kuma abin da ya ba ni takaici shi ne saurin da muke yi wajen miƙa wuya. Galbanaiz ba kalma ba ce, gurɓataccen furuci ne, kuma "ƙarfe mai rufin tutiya" jimla ce mai kalmomi huɗu wadda ba a iya sarrafa ta. Hausa tana da sulke, rigar ƙarfen da mayaƙan Kabi suka riƙa sawa, kuma tana da hanyar mai da suna aikatau, kamar yadda aka samu tsoratar daga tsoro da ƙuntata daga ƙunci. Saboda haka ina ba da "sulkanta". An sulkanta ƙarfen, sulkantaccen ƙarfe, sulkantattun ƙarafa, sulkantawa. Kalma ɗaya ce, tana bin ƙa'idar harshe, kuma mai sauraro zai ga hoton abin a zuciyarsa.

Ɗalibin fassara: Baba, kalmar tana da daɗin ji ƙwarai, amma ina tsoron za ta hau kan kowane irin rufi, har da fenti kansa, domin shi ma kariya yake yi wa ƙarfe.

Malamin Hausa mai ritaya: Ɗana, amfani ne ke keɓe ma'ana. Idan gidan rediyo ya maimaita ta wata uku, za ta zauna. Ita tutiyar da Malama ke taƙama da ita ai daga Larabci ta zo, kuma ina shakkar ko mutum ɗaya cikin masu sauraron ya taɓa riƙe ta a hannu ya san ita ce.

Malamar kimiyya: Ranka ya daɗe, tutiya ta daɗe a Hausa har ta zama 'yar gida, kamar yadda littafi da alƙalami suka zama. Amma babban abin da ya hana ni karɓar sulke shi ne yana koyar da kuskure. Sulke tarewa kawai yake yi, inda ya yage nan makami ke shiga. Rufin tutiya ya wuce haka, domin ko an ƙwarzane shi har ƙarfe ya bayyana, tutiyar da ke gefen ƙwarzanen ita ce ke lalacewa a madadin ƙarfen, shi ya sa ƙaramin ƙwarzane ba ya yin jar tsatsa da wuri. Wanda ya san cewa akwai wani ƙarfe mai laushi kwance a saman shingensa, zai gane dalilin da ya sa ake hana shi gurza shi da injin gurza ko burushin waya mai ƙarfi.

Mai fenti, Gusau: Ni dai abin da nake gani a wurin aiki zan faɗa. Mai gida ya sayi fentin mai, irin na ƙofa da taga, ya shafa kai tsaye a kan galbanaiz, ranar farko abin ya yi kyau har maƙwabta su yaba. Bayan an sha ruwan damina an shiga zafin rana, sai ka sa farce a gefe ka ja, fentin ya taso zare guda har tsawon hannu, ƙasansa kuwa fes, wani lokaci da ɗan farin gari mai santsi. Yawancin masu gida sai su ce an sayar musu da jabun fenti ne, su ƙara sayen mai tsada su sake shafawa a kan tsohon, shi ma ya bi sahu.

Malamar kimiyya: Abin da Malam ya gani ke nan a aikace. Man da ke cikin irin wannan fenti yana haɗuwa da tutiya idan akwai laima, ya haifar da wani abu mai kama da sabulu tsakanin fentin da ƙarfen, daga nan fentin ba shi da abin kamawa. Ko jan fentin nan na hana tsatsa, idan na mai ne, haka zai yi a kan tutiya, duk da cewa a kan baƙin ƙarfe yana aiki sosai. Wannan ne dalilin da ya sa nake nacewa a ambaci tutiya, domin matsalar gaba ɗaya daga gare ta take.

Malamin Hausa mai ritaya: To a ce "sulken tutiya" mana, idan dole sai ta shiga. Amma ina lura cewa duk lokacin da kalma ta fito daga wannan yanki namu sai a yi ta neman aibunta, alhali da daga Kano aka aiko ta, ko wani gidan rediyon ƙetare ya faɗe ta, da tuni an rubuta ta a allo. Mu da muke cewa ƙarhe tun kakanni mun yarda muna rubuta ƙarfe saboda daidaito, amma ba a taɓa ramawa.

Mai walda: Baba, da girmanka, ba maganar Kano ba ce. Ni ban yi karatun jami'a ba, amma kullum da wannan ƙarfe nake wuni. Idan na sa masa wuta, farin hayaƙi ne ke tashi, wanda ya shaƙe shi da yawa da dare zai ji zazzaɓi da ciwon jiki kamar mura ta kama shi. Idan na ce wa yarona galbanaiz ne, ya san zai fitar da aikin waje inda iska ke kaɗawa. Idan na ce sulkantacce ne, sai ya tsaya tambaya. Kalmar da masu sana'a suka riga suka sani ita ma ta Hausawa ce, tun da Hausawa ne ke faɗin ta.

Malamin Hausa mai ritaya: Da wannan hujja, nan da shekara ashirin rabin maganarmu gurɓataccen Turanci ce.

Ɗalibin fassara: Baba, ai fenti da burushi da walda duk da muke ta rubutawa tun ɗazu ta wannan ƙofar suka shigo.

Mai gabatar da shiri: Malamai, lokaci na tafiya, kuma ba a taɓa kalma ta biyu ba. Ga yadda na tsara matakan, a duba mini. A kankare duk fentin da ya saki har sai an kai inda ya kama da kyau. A wanke shingen da ruwa da omo don cire maiƙo da ƙura da farin garin nan, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai. A bi shi da samfefa mai laushi, a kashe santsin kawai ba tare da an cinye rufin ba. Inda jar tsatsa ta fito, musamman wuraren walda da gindin sanduna inda ruwa ke kwanciya, alama ce rufin ya ƙare a nan, sai a goge har ƙarfe ya yi haske a shafa fenti mai garin tutiya a ciki. Daga nan a shafa firaima wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa na galbanaiz ne, sannan mai launi shafi biyu marasa kauri. Me zan kira firaima?

Mai fenti: Matakan sun yi daidai. Ka ƙara cewa kada a yi aikin da tsakar rana lokacin da ƙarfe ya ɗauki zafi, domin fentin zai bushe a baki kafin ya kwanta, kuma kada a yi ranar da hunturu ya taso da ƙura ko hadari ya haɗu. Safiya bayan raɓa ta bushe ta fi. Ka kuma gaya musu fentin ruwa na bango ba shi ne na ƙarfe ba, ko da yake akwai na ruwa da aka yi musamman don galbanaiz. Firaima kuwa, mu "fentin farko" muke cewa idan muna yi wa mai gida lissafi.

Malamar kimiyya: Fentin farko yana iya nufin shafin farko na mai launin, kuma a nan ne mutane ke kuskure. Na fi son "fentin shimfiɗa".

Malamin Hausa mai ritaya: "Share-fage" ya fi duka biyun, amma na san yadda za ta kaya.

Mai gabatar da shiri: Na gode muku duka. Abin da zan yi shi ne, a karon farko zan ce "ƙarfe mai rufin tutiya, wanda aka fi sani da galbanaiz", in yi bayanin tsomawar a jimla biyu, sannan in ci gaba da galbanaiz har ƙarshe saboda masu zuwa kasuwa. Dalma za ta fito ne a gargaɗin tsohon fenti kaɗai. Baba, zan yi amfani da sulke sau ɗaya wajen kwatanta rufin, tare da gyaran da Malama ta yi. A kan firaima na rubuta "fentin shimfiɗa" da fensir, zan gwada shi a kunnen abokan aiki gobe da safe.

Malamin Hausa mai ritaya: Sau ɗaya ya fi babu. Ban janye sulkanta ba, kuma ina roƙon a rubuta cewa an gabatar da ita a nan. Idan za ka faɗi galbanaiz ɗin, aƙalla ka furta ta yadda masu walda ke furtawa, kada ka karya harshe irin na Turawa.

Mai fenti: Malam mai shiri, idan ka ce fentin shimfiɗa ka haɗa da firaima a gefe, domin a shago da wannan sunan za su tambaya.