Abin da aka tattara kan ɗibar tsokar hanta ga jarirai

Ga abin da mahawarar 'yan uwanmu na Kumasi ta haifar kan yaushe da yadda za a ɗebi ɗan guntun hanta da allura don gano toshewar bututun matsarmama a jarirai.

1. Babu saɓani: ciwon shawarar da ya wuce kwana 14, kashi fari fat kamar koko, fitsari na rina tsumma, a auna bilirubin (sinadarin da ke sa jiki ya yi rawaya) a jini nan take. Jiƙo ba ya buɗe bututu.

2. Kafin a soka allura, a duba daskarewar jini, a ba da bitamin K in jinin ba ya daskarewa da kyau. Zubar jini ne babban haɗarin.

3. Ɗan guntun da aka ɗebo ya ƙunshi mahaɗar jijiyoyi (inda jijiyoyin jini da ƙaramin bututun matsarmama ke haɗuwa a hanta) kamar 10. Alamomin toshewa da ake nema a cikinsa su ne yawaitar ƙananan bututu, matsarmama daskare cikinsu, da tabo.

4. Nan aka rabu. Wasu sun ce kafin mako 6 sakamakon kan yi ruɗi, sai a maimaita. Wasu suka ce jiran sakamako cin lokaci ne, a wuce hoton bututu da rini a ɗakin tiyata, tunda shi ke yanke hukunci. Hujjar na biyun ta fi nauyi a ganina, domin tiyatar Kasai, wadda ke haɗa hanji da hanta don matsarmama ta samu hanya, ta fi nasara kafin jariri ya kai kwana 60.

5. A kai jariri asibitin Komfo Anokye a Kumasi ko na Korle Bu a Accra da wuri.