Gajeren manga na binciken kisan kai: ina ƙarfinsa, ina rauninsa?

Malamar Adar, Tawa

Assalamu alaikum. Ina koyar da Faransanci a wata makarantar sakandare a nan Tawa, kuma ɗalibaina sun fara zuwa da littattafan zane na Japan da ake kira manga, waɗanda ƴan'uwansu ke aiko musu daga Yamai. Wanda ya fi yawo a hannunsu gajere ne, littafi ɗaya tak: an tsinci gawar mai masauki a ɗakin da ke kulle ta ciki, dusar ƙanƙara ta toshe hanyar gari, sannan wani ɗan makaranta ya gano mai laifin a cikin baƙin da suka kwana a gidan. Labarin ya riƙe ni, amma ƙarshensa ya zo mini a gaggauce. Shin wannan gaggawa halin marubucin ne, ko kuwa halin gajeren labarin bincike ne gaba ɗaya? Kuma mene ne ya cancanci yabo a cikinsa?

Ɗan Yantala, Yamai

Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da yabon, domin shi ne ya fi yawa. Irin wannan labari yana bin salon da Japanawa ke kira honkaku, wanda sharaɗinsa shi ne a ba mai karatu dukkan alamun da mai bincike ya gani kafin a bayyana amsa. Sharaɗin tsoho ne, domin yana cikin ƙa'idoji 10 da Ronald Knox na Ingila ya tsara wa marubutan labaran bincike a shekarar 1929. Inda manga ya fi littafin zube shi ne, marubucin zube sai ya ambaci alama da kalma, kuma da zarar ya ce hannun rigar wani a jiƙe yake, mai karatu ya farga. Shi kuwa mai zane yana iya ajiye jiƙaƙƙen hannun rigar a gefen hoto, ko agogon bango da ya tsaya, yayin da idonki ke kan fuskar mai magana, kuma babu wanda zai ce ya ɓoye wani abu. Gajartar littafin ma riba ce a nan, tunda komawa baya a duba shafukan farko ba ya ɗaukar lokaci, kuma a wannan komawar ce ake sanin ko mai zanen ya yi adalci. Karatun manga da ake yi daga dama zuwa hagu kuwa ba zai wahalar da yaran da suka saba da allo ba.

Hajiya Mai Littattafai, Yamai

Ɗana ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake tambayarki ta farko, Malama. Gaggawar da kika ji ba laifin marubuci ɗaya ba ne. Littafin manga guda yakan tsaya kusa da shafi 200, kuma a cikinsu ne za a gabatar da mai bincike, da mamacin, da waɗanda ake zargi, sannan a bayyana dabarar kulle ɗakin, wadda ita kaɗai takan cinye babi guda. Abin da ake matsewa a ƙarshe shi ne dalilin kisan. Sai ki ga mai laifi ya durƙusa, ya zayyana tsohuwar gaba a shafi biyu, alhali ba mu zauna da shi isasshen lokacin da za mu ji zafinsa ba. Dogayen jerin manga kuwa suna da mafita. Detective Conan na Gosho Aoyama yana fitowa tun 1994, ya haura littafi 100, kuma ko da yake shari'a ɗaya takan ƙare a babi uku, mai karatu ya riga ya san jaruman, saboda haka shafukan duka na sabbin fuskoki ne. Gajeren littafi ba shi da wannan jarin. Ni dai na fi girmama marubucin da ya rage waɗanda ake zargi zuwa uku ya ba kowannensu rai, a kan wanda ya tara bakwai da ba a bambance su sai da aski.

Ƙanen Kowa, Tawa

Da izinin manya, akwai rauni guda da ya shafe mu musamman. Wasu alamun sun dogara ne da rubutun Japananci, wanda ke haɗa nau'o'in rubutu uku, kanji da hiragana da katakana, kamar saƙon da mamaci ya rubuta kafin ya cika. Mai karanta fassarar Faransanci ba shi da hanyar warware wannan da kansa, sai dai ya jira bayanin mai fassara a ƙasan shafi. Haka kuma masu karantawa a waya sukan rasa ƙananan alamun da Yaya Ɗan Yantala ya ambata, saboda ƙanƙantar fuskar wayar. Shawarata, Malama, ki tsayar da ɗaliban kafin babin ƙarshe, kowa ya rubuta wanda yake zargi tare da lambar shafin da hujjarsa take.

Malamar Adar, Tawa

Na gode muku duka. A littafin da ke hannuna alamun duka na hoto ne, ba na rubutu ba, saboda haka shawarar za ta yiwu. Zan ƙara musu aiki na biyu bisa maganar Hajiya, wato su nuna shafin da ya kamata a ce marubucin ya fara nuna mana gabar da ke tsakanin mai laifin da mai masaukin.