Zauren Iyaye na Gusau: Ina Ake Samun Taimako ga Yaro Mai Buƙata ta Musamman?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ɗiyar ƙanwata ce, shekararta uku, har yau ba ta zama da kanta, wuyanta ma bai tsaya sosai ba. Ta yi ciwon shawara mai tsanani tun kafin suna. Uban yarinyar lebura ne, kuma gudun hijira ya kawo su Gusau. Don Allah wa ya san ƙungiyar da ke taimakon irin waɗannan yara?

Inna ta Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya ba uwar haƙuri. An taɓa kai ta asibiti kuwa, ko sai rubutu da hayaƙi?

Maman 'Yan Biyu: Gaskiya Inna na gida aka fi yi. Wasu sun ce taɓin iska ne.

Malamin Asibiti: Hajiya, ba na yanke hukunci ta waya, amma shawarar jarirai idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da kika faɗa ya yi kama da hakan. Kafin neman kowace ƙungiya, a kai ta sashen yara na Asibitin Tarayya (FMC) ko Asibitin Yariman Bakura, a buɗe kati, likita ya rubuta abin da ke damunta. Ƙungiyoyin gaske kusan duk ta asibiti suke bi, kuma kowace da cutar da ta sa gaba. Wanda ya je musu hannu biyu babu takardar likita, sannu kawai za a yi mishi.

Kawu Direba: Wannan haka yake. Yaron maƙwabcina da aka haifa da tsagaggen leɓe, ni na kai su Sakkwato. Ƙungiyar Smile Train ke biyan kuɗin irin wannan tiyata a asibitocin da suka yi yarjejeniya da su. Uban kuɗin mota da na abinci kawai ya kashe. Yanzu sai ka matso kusa za ka ga layin ɗinkin.

Ɗan Anka: A Sakkwaton ma akwai Asibitin Noma, na cutar nan mai cin kunci da baki. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna aiki a can tun 2014, gyaran fuska kyauta ne. Mu mutanen Anka ba za mu manta da su ba. A 2010 da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukanmu da na Bukkuyum, su suka tsaya. Cikin waɗanda suka rayu akwai masu farfaɗiya da waɗanda ido ko ƙwaƙwalwa ta taɓu, yau sun zama samari da 'yan mata, iyayensu ne kawai ke fama. Shi ya sa tambayar Hajiya ta taɓa ni.

Malamin Asibiti: To nan gizo ke saƙa. Ciwon da tiyata ɗaya ke gyarawa yana da masu ɗaukar nauyi. Yanar ido a yara, 'yan ƙungiyar Sightsavers sun daɗe suna aikin ido a Zamfara da Kebbi da Sakkwato, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Jaririn da aka haifa tafin ƙafarsa a murɗe, ana gyara shi da filasta mai tauri irin ta ɗaurin karaya, a sauya duk mako har wajen sau biyar zuwa takwas, sannan ya sa takalmi mai sandar ƙarfe tsakani, dare da rana wata uku, daga nan sai lokacin barci har shekara huɗu ko biyar. Ƙungiyar MiracleFeet na tallafa wa wannan a wasu asibitocin Najeriya. Amma irin ɗiyar Hajiya ba aikin rana ɗaya ba ne. Maganinta gashin ƙashi ne da motsa gaɓoɓi, shekara da shekaru, kuma uwar ce za ta yi mafi yawansa a gida.

Uwar Gida Samaru: Bari in sa baki, don ni ina cikin wannan jirgi. Nawa ɗan shekararsa bakwai. Abin da ya fi amfanar mu ba kuɗi ba ne, matar sashen gashin ƙashi ce da ta koya mini yadda zan kwantar da shi ruf da ciki bisa naɗaɗɗen zane, in ajiye kwano mai ƙara a gabansa don ya ɗago kai. Ta hana ni ba shi kunu yana kwance, ta ce shi ke sa ya shaƙe har ya zama ciwon ƙirji. Sai a zaune, haɓa ƙasa kaɗan, kunun da kauri, da ƙaramin cokali. Kujera kuma kafinta ya haɗa mana da katako da soso, mai kusurwa a baya da ɗan tebur a gaba, matar sashen gashin ce ta zana mishi a takarda. Ranar da ya fara zama cikinta a tsakar gida yana kallon yara na wasa, kakarsa kuka ta yi. Ki ce wa ƙanwarki ta daina rufe yarinyar a ɗaki in baƙi sun zo.

Inna ta Tudun Wada: Allah ya saka miki ɗiyata. Sannan kada a manta da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. A rubuta takardar koke, mai unguwa ya sa hannu, a haɗa da ta likita. Ba kullum ake dacewa ba, amma haƙƙinsu ne.

Kawu Direba: Ni dai gargaɗi zan yi. Bara wasu suka zo unguwarmu da riguna iri ɗaya, suka tara yara nakasassu suka ɗauki hotuna, kowa ya biya kuɗin fom wai za a kawo kekuna. Har yau shiru kamar an shuka dusa. Duk wanda ya ce a biya kafin a taimaka, a bar shi.

Ɗan Anka: Maganin wannan a bi ta ƙungiyar nakasassu ta JONAPWD, suna da reshe a jiha, ko ta Sarkin Guragu. In rabon keke ko sanduna ya zo, su ake fara tambaya sunaye. Mai neman ƙafar roba ga yaro kuma, akwai Irede Foundation a Legas, da wurin haɗa ƙafafu na Leprosy Mission a Chanchaga, Minna.

Lauyan Zaure: Ƙarin bayani kaɗan: dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, a 2020 kuma aka kafa musu hukuma ta ƙasa. Aiwatarwa ce ke tafiyar hawainiya.

Uwar Gida Samaru: Barista, doka ba ta biyan kuɗin Napep. Abin da ke sa iyaye su bar zuwa gashi ke nan, ba rashin so ba.

Admin: To ga abin da za mu iya. Mai hali ya turo abin da ya sawwaƙa ga ma'ajin zaure, mu ɗauki kuɗin motarsu na wata uku. Kuma don Allah kada a sa hoton yarinyar a nan.

Kawu Direba: Ranar farko ni zan kai su. A faɗa mini unguwar ta waya.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Uwar Gida, turo mini hoton kujerar nan in nuna wa kafinta. Malam, Litinin ta yi ko mu bari sai Talata?

Malamin Asibiti: Litinin, amma ku yi sammako. A taho da katin haihuwarta da na rigakafi in suna nan.