Abin da aka tattauna kan buga sefa da kuɗin gwamnati

Jama'ar Yamai, ga abin da na tsinto daga tattaunawar da aka yi kan wa ke buga sefa da wa ke sa ido kan kuɗin gwamnati:

1. Kowa ya yarda ba gwamnatin Nijar ke ba da kwangilar buga sefa ba. Aikin BCEAO ne, babban bankin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, mai hedikwata a Dakar, a Chamalières ta Faransa ake bugawa.

2. An rabu kan masu sa ido. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa. Wasu sun ce COLDEFF, hukumar da gwamnati ta naɗa don yaƙi da almundahana, ta wadatar. Wasu kuwa suka ce wanda aka naɗa ba ya titsiye wanda ya naɗa shi, kuma ina ganin da gaskiyarsu.

3. In AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, ta fito da kuɗinta, a bayyana wa za shi buga, kuma a kan nawa.

Kukan yagaggun jikkuna a kasuwar Katako ya sha maimaici, ba wanda ya musa.